Yadda Kuɗin Makkar Innata Suka Narke a Hannuna

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da tara, da aurena da 'ya'yana biyu, ina zaune a Sabo ta Ibadan inda aka haife ni kuma na tashi. A duk gidanmu ni kaɗai na yi boko har na samu difloma, don haka duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko ta wuta ko ta makarantar yara, sai ta biyo ta hannuna. Ina jin Yarbanci kamar Hausa, ina jin Turanci, in na shiga banki ba na jin shakkar kowa. Sana'ata sayar da atamfa da leshi daga gida, ina tallata su a waya, maigidana kuma direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa da tattasai daga Arewa zuwa kasuwar Shasha. Ba mu da yawa, amma rufin asirinmu daidai gwargwado. Babban ciwona a wancan lokacin, in zan faɗi gaskiya, shi ne ina ganin na fi kowa wayewa a gidanmu. Ina roƙon ku sakaya sunana, don abin da zan faɗa har yau ban iya faɗarsa a gaban mutane ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta fi shekara talatin tana suyar masa a ƙofar gida. Da wannan tandar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ni da yayana. Har Yarbawan unguwar Mokola da ke maƙwabtaka da mu sukan tsallako da sassafe su yi layi a gabanta. Inna ba ta da wani buri a duniya sai guda ɗaya, ta je Makka ta sauke farali. Ba ta yarda da banki ba ko kaɗan. Duk sanda ta ɗauki adashi sai ta je wurin wani maƙeri ta sayi zinare, wani lokaci 'yan kunne, wani lokaci zobe, sau biyu ma awarwaro. Ba ta taɓa sa ko ɗaya a jikinta ba. Tana ƙulle su a tsumma, ta tura ƙasan akwatinta, ta ce wannan kuɗin jirgi ne.

Wata shekara aka shiga gidan maƙwabciyarmu da rana tsaka aka kwashe mata komai, sai hankalina ya tashi a kan akwatin Inna. A cikin makon nan na je banki ajiye kuɗin kayana, wata ma'aikaciya mai fara'a ta zaunar da ni ta yi mini bayanin wani asusun zuba jari na haɗaka. Ta ce mutane da yawa ne ke haɗa kuɗinsu, ƙwararru su juya su, kowa ya sayi kason da zai iya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne farashin kason a tsaye yake, naira ɗari yau, naira ɗari gobe, ba ya hawa ba ya sauka, riba kuma ana rabawa duk wata uku. Ta ce akwai nau'in da aka tsara bisa shari'a, babu kuɗin ruwa a cikinsa. Ba zan zalunce ta ba, ta faɗi sauran ma. Ta ce kamfanin yana cire ladansa na kula da dukiyar, ta ce in mutum ya cire kuɗi kafin wa'adi za a yanke masa wani abu, ta ce cirewa kan ɗauki 'yan kwanaki, ta kuma ce ribar ba alkawari ba ce. Ta ba ni ɗan littafi ta ce in karanta a nutse. Ni kuwa magana ɗaya kawai na ɗauko na taho da ita gida, wato uwar kuɗi ba ta raguwa. Littafin ko shafi biyu ban wuce ba.

Na yi sati uku ina lallashin Inna. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba, tambaya biyu ta yi mini. Ta ce su wane ne za su riƙe kuɗin, kuma shin kuɗin za su riƙa tashi kamar yadda zinare ke tashi in kaya suka yi tsada. Dariya na yi mata, na ce zinare ai ba ya haihuwa, wannan kuwa duk wata uku sai ya haihu. Yayana yana aiki da 'yan canji a bakin titin Sabo, ya san halin naira fiye da ni. Ya ce a bar zinaren yadda yake a nema masa wurin ajiya mai tsaro, ko kuwa in an sayar a kai wa hukumar alhazai a matsayin kafin alƙalami. Na ce masa shi tunaninsa bai wuce bakin titi ba. Na faɗi haka a gaban Inna, ga yayana da ya girme ni da shekara bakwai. Ya tashi ya fita. A ƙarshe Inna ta ce tun da ni ce mai karatu, in yi abin da na ga ya fi.

Muka sayar da zinaren duka. Kuɗin da aka samu sun kusa kai kuɗin kujera na wannan shekarar, saura kaɗan. Aka buɗe asusun da sunan Inna, ta dangwala yatsa, ni kuma aka sa a wayata ina dubawa. A lissafina, riba ta shekara ɗaya da adashi biyu za su cike gurbin. Watannin farko komai ya tafi daidai. Duk sanda riba ta shigo sai in ruga in nuna mata a waya, ta leƙa duk da ba ta iya karantawa, ta yi murmushi ta sa mini albarka.

Sai naira ta faɗi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya faru, ba sai na tsaya bayani ba. Mudun shinkafar da Inna ke yin masa da shi ya ninka, man gyaɗa ya ninka. Da aka sanar da sabon kuɗin kujera, sai na ga ya kusa ninkawa. Na buɗe waya, kuɗin Inna suna nan cif, ko kwabo bai ragu ba, har da 'yar riba a kai, amma yanzu da ƙyar suka haura rabin abin da ake nema. Na bi ta wurin maƙerin nan kamar mai son saye, na tambayi kuɗin awarwaro irin na Inna. Da ya faɗa mini, sai na yi lissafi a zuciyata. Da mun bar zinaren a akwati, da ya bi kuɗin kujerar ya kusa kamo shi. Ranar na gane amsar tambayar Inna ta biyu. Lambar ce ba ta raguwa, abin da lambar za ta iya saye kuwa kullum zaizayewa yake.

A nan ya kamata in tsaya, in je in durƙusa in faɗi gaskiya. Da na yi haka, da asarar ta tsaya a jinkiri. Amma kunya ta hana ni, musamman kunyar yayana. Da Inna ta tambaye ni, na ce mata an kusa, in Allah ya yarda baɗi tana cikin jirgi.

A wajen wani suna na haɗu da wata ƙawata da muka yi sakandare tare, ita ma 'yar Sabo ce. Na yi mata ƙorafin halin da nake ciki, sai ta ce ai na tsaya a asusun masu barci. Ta ce akwai wani kamfani a Mokola, irin wancan tsarin ne sak, kaso a tsaye, uwar kuɗi ba ta taɓuwa, babu haram a ciki, amma abin da banki ke bayarwa a shekara su a wata ɗaya suke ba da shi. Ta nuna mini saƙonnin shigowar kuɗi a wayarta. Washegari ta kai ni. Ofis ne a saman bene, da na'urar sanyaya ɗaki, da samari masu ɗaure da laktaye, da takardu a cikin gilashi an jera a bango, har da darduma a kusurwa. Wanda ya karɓe mu ya yi mana magana da Turanci da Yarbanci, da ya ji Hausawa ne mu har ya ɗan taɓa Hausa. Ya ce ba sa cire ladan kula, ba sa yankan komai in za ka cire, kuma kuɗinka a rana ɗaya yake fitowa. Ban tambaye shi to su da me suke ci ba. Ban tambaye shi a wace sana'a suke juya kuɗin ba. Kalmomin da ya yi amfani da su irin na ma'aikaciyar bankin ne, sai na ɗauka abu ɗaya ne.

Na gwada da kuɗin atamfata. Wata ya cika riba ta shigo, na danna cirewa, kafin la'asar ta faɗo. Wata na biyu ma haka. Daga nan na daina tunani.

Abin da na yi bayan wannan shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ba za a cire kuɗin Inna daga asusun farko ba sai da yatsanta. Na san in na gaya mata za ta kira yayana, shi kuma zai hana. Sai na kawo mata takardar cirewa tana tsakar zuba ƙullu a tanda, na ce mata takardar neman kujera ce. Ta goge hannunta a zani, ta yi bisimilla, ta dangwala, fuskarta cike da murna. Da na kai banki, ma'aikaciyar nan ta tambaye ni lafiya za a kwashe duka. Na gaya mata inda zan kai. Ta ce ba ta taɓa jin sunansu ba, ta roƙe ni in duba ko suna cikin jerin kamfanonin da hukumar kula da harkar hannun jari ta yi wa rajista, ta ce babu wata halattacciyar sana'a da ke ba da irin wannan ribar. Na ɗauka kishi ne, don za su rasa mai ajiya. Ta ce adashin Inna na ƙarshe da muka ƙara bai cika wa'adi ba, za a yanke wani abu daga ribarsa, kuma sai na jira kwana biyar na aiki. Na yi ta masifa a kan wannan ɗan yankan da wannan ɗan jiran. Yau da zan samu wanda zai riƙe ni kwana biyar ɗin nan ya hana ni fita, da na gode masa har ƙarshen rayuwata.

Wata huɗu lambar tana hawa a wayata. Ta kamo kuɗin kujera, ta wuce. Na gaya wa Inna ta fara shiri. Na kai ta aka yi mata fasfo. Ta shiga ajin bita a Islamiyya, tana dawowa tana maimaita talbiyya a bakin tanda. Ta ɗinka hijabai farare, ta sayi takalmi mai laushi saboda ɗawafi. Masu sayen masa suka fara kiranta Alhaja, tana cewa su bari sai ta dawo, amma kana ganin daɗin a idonta. Ita da wata tsohuwar aminiyarta da ta riga ta biya suka yi alkawarin zama ɗaki ɗaya a Madina. Har yayana ya zo ya same ni ya ce in yafe masa, ashe ni ce da gaskiya. Na karɓi ban-haƙurinsa ina jin kaina a sama.

Da lokacin biya ya matso, na danna cirewa. Wayar ta nuna ana dubawa. Kwana uku ana dubawa, sati guda ana dubawa. Na hau okada, wato babur na haya, na je ofishin. Mutumin nan ya tarbe ni da fara'arsa, ya ce kuɗin da yawa ne, doka ta ce sai an fara biyan haraji da kuɗin tantancewa kafin a sake su, kuma ba a cirewa daga ciki, sai dai a kawo daga waje. Na tuna masa shi ya ce ba sa yankan komai. Ya ce wannan ba nasu ba ne, na gwamnati ne. Zuciyata ta gaya mini akwai matsala, amma na riga na yi nisa, in na yarda ƙarya ce to na yarda komai ya tafi. Na karyar da atamfofina da leshina gaba ɗaya a rabin kuɗinsu na kai. Bayan kwana huɗu aka ce saura wani kuɗin na daban. Na sayar da firjina da keken ɗinkin da aka yi mini na aure, maigidana yana hanya bai sani ba. Na kai.

Ranar Litinin da na koma, tun daga ƙasan benen na ga taro. Ƙofar a garƙame da kwaɗo, an cire allon sunan. Wata dattijuwa tana birgima a ƙasa tana kiran sunan Allah da Yarbanci, kuɗin sallamar mijinta daga aiki ta zuba. Wani malamin makaranta yana ta buga lambar da ba ta shiga, ya kashe ya sake bugawa. A gefen matakala na ga ƙawata a zaune, ba mayafi ba takalmi, ita ma ta zuba kuɗin filin mijinta. Na je da niyyar in shaƙe ta, da na ga idonta sai na zauna kusa da ita kawai. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta sunayenmu a wata doguwar takarda. Daga baya aka tabbatar mana kamfanin bai taɓa samun izinin karɓar kuɗin jama'a ba. Takardun da ke bango na rajistar sunan kasuwanci ne kawai, irin wadda ko mai shagon kayan masarufi zai iya yi. Ribar da aka ba ni a farko kuwa, kuɗin wasu bayin Allah ne da suka shigo bayana.

Kwana biyu ina zagaye gidanmu ban iya shiga ba. A na uku na je da hantsi, Inna ta gama suya tana wanke tanda, yayana yana zaune yana karyawa. Na durƙusa na faɗi komai tun daga farko. Yayana ya miƙe tsaye, Inna ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Ta tambaye ni ko duka ne, na ce duka. Ta ɗago, ruwa yana ɗiga daga hannunta. Sai ta ce, "Takardar nan da na dangwala ina murna, ita ce?" Na ce ita ce. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce Allah bai kira ta ba tukuna, ta sunkuya ta ci gaba da wanke tandarta. Wallahi da ta ɗauki itace ta rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi.

Ita da kanta ta riƙa gaya wa mutane an ɗaga tafiyar, ba ta taɓa ambaton sunana ba. Amma Sabo ba a ɓoye magana, cikin sati kowa ya sani. Yayana ya daina yi mini magana in ban da gaisuwa. Maigidana ya dawo ya tarar babu firji babu jari, bai sake ni ba, amma tun daga ranar ko kuɗin cefane sai ya tambayi inda suka shiga, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da maniyyata za su tashi, Inna ta yi wanka ta raka aminiyarta har bakin mota, ta riƙe hannunta ta ce in ta isa Rauda ta isar mata da sallama. Ina daga nesa ina kallo. Da motar ta tashi, ta daɗe a tsaye a wurin kafin ta juyo.

Ta sake shiga adashi, a shekarunta, ta ce za ta fara daga farko. Amma jikin ya riga ya saki. Hawan jini ya kama ta, hayaƙi ya ci idonta, wasu ranakun ba ta iya fitowa suya. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan abin, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya mutu. Ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ana gobe za ta rasu, da bakinta da ya karkace, ta ce mini ta yafe mini duniya da lahira, in daina kuka, in kuma Allah ya hore mini wata rana in je in yi mata. Na ce na yi alkawari.

Yau ina sayar da kayan wasu a waya ana ba ni lada, jarina bai dawo ba. Duk shekara in aka sanar da kuɗin kujera sai in ga ya ƙara yi mini nisa fiye da bara. Likita ya ce ciwon Inna na iya kama kowa, malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da ƙaddara. Amma ni na san yadda take kafin ranar nan da yadda ta koma bayanta, kuma babu wanda zai iya cire mini wannan daga zuciya.

Abin da na koya, na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba, shi ya sa na rubuto ko zai amfani wani. Asusun farko bai cuce ni ba, ni ce ban fahimce shi ba. In aka ce maka farashin kaso a tsaye yake, lambar ake nufi, ba darajar kuɗinka ba, kuma in abin da kake tara wa kuɗin yana bin dala, to ka nemi shawarar wanda ya san harkar kafin ka sayar da abin da ke hannunka. Ka karanta takardar har ƙarshe, ka san nawa ake yanka, ka san kwana nawa cirewa ke ɗauka. Masu gaskiya su ne ke faɗa maka sharuɗɗan da ba ka son ji. Wanda ya ce ba ya cire komai, ribarsa kuma ta ninka ta kowa, ka tashi ka bar masa ofishinsa ko da darduma goma ya shimfiɗa. Ka bincika rajistarsa a wurin hukuma da kanka, kada ka dogara da ƙawa ko ɗan'uwa, don su ma wataƙila an yaudare su ne. Duk ranar da aka ce sai ka kawo kuɗi kafin a ba ka kuɗinka, to ka sani sun riga sun tafi, kada ka ƙara ko kwabo.

Ga 'yan'uwana masu ɗan karatu da iyaye suka miƙa wa amanarsu, ku ji tsoron Allah. In kun yi kuskure ku faɗa tun yana ƙarami. Ni ɓarayin Mokola ba su ne suka fara cutar Inna ba, ni ce, ranar da na sa ta dangwala yatsa a kan ƙarya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa mahaifiyata addu'ar rahama. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya ba ni ikon cika alkawarin da na ɗauka a bakin gadonta, don a yadda nake ganin rayuwata yanzu, ban san ta inda zan fara ba.